Wata uku ina koyon lissafin mangaza ta waya: abin da na samu da abin da ban samu ba

Mahaifina ya fi shekara talatin yana sayen wake da aya a kasuwannin Cadawa, Agye da Gazawa, yana tarawa a mangaza nan Maraɗi, in farashi ya yi kyau a loda kamyo a nufi Dawanau a Kano. Duk lissafin wannan harka a kansa yake, sai wani kaye mai baƙin bango da ake rubuta bashi a ciki. Da na bar lise na dawo mangaza gaba ɗaya, kayen ya dawo hannuna. Shekara biyu ina riƙe da shi, amma duk lokacin da aka gama sayar da kayan shekara Baba ya tambaye ni nawa muka ci, sai in yi ta juya shafi ba ni da amsa tsayayya. Abin ya dame ni ƙwarai, shi ya sa na biya kuɗi na shiga wani aji na intanet da ake koyar da lissafin kasuwanci da Excel, wato manhajar lissafi ta kwamfuta mai shafi gida-gida, cikin harshen Hausa, na tsawon wata uku. Na gama shi, kuma abokai a fada sun yi ta tambayata ko ya ci kuɗinsa, sai na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Malamin a Kano yake. Ba zan kama sunansa ko na makarantarsa ba, domin akwai abin yabo akwai kuma na ƙorafi. Tsarinsa shi ne: sau uku a sati yana turo gajeren bidiyo na minti goma ko ƙasa da haka a zauren WhatsApp, daren Asabar bayan isha'i a haɗu kai tsaye ta Zoom, sannan kowane darasi da aikin da za ka yi ka mayar masa. Da naira ake biya, ni ta hannun ɗan canji na tura, ya kama mini kusan jaka goma sha biyar na sefa. Kafin nan na gwada bidiyoyin Faransanci a YouTube. Ina jin Faransanci, amma mai bayanin gudu yake, kuma in ka maƙale ba wanda za ka tambaya. Nan kuwa harshenmu ɗaya, agogonmu ɗaya, Kano ma ta fi mana Yamai kusa.

Haɗuwar kai tsaye ita aka fi tallatawa, kuma ita ce ta fi ƙaranta amfani a wurina. A watan Afrilu na fara, tsakiyar zafi, lokacin da kuran ke yawan tafiya. Caji bai zame mini matsala ba, don tun watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, muka ɗora ɗan faifan sola a saman mangaza. Rezo ne ya wahalar da ni. Da dare kowa yana kan waya, hoto ya tsaya cak, murya ta riƙa yankewa, ka ji rabin jimla ka rasa rabi. Ga shi malamin da Zoom na kyauta yake aiki, wanda ƙa'idarsa sananniya ce, minti 40 ya rufe taro. Sai kowa ya sake shiga, a ɓata wani lokacin wajen "kuna ji na?" da "Malam, ba ma ganin allo". Aji ɗaya yana cinye forfen da zai kai ni kwanaki. Daga sati na huɗu na daina shiga, ina jiran ya matse rikodin ya turo, in sauke da asuba lokacin da rezo ke sake.

Aikin farko ya kusa sa ni barin ajin. Abu ne mai sauƙi: ka jera farashin buhu biyar ka haɗa jimla. Malam ya nuna a bidiyo a rubuta SUM, na rubuta daidai yadda ya yi, sai gidan ya fito da #NOM? maimakon lamba. Na goge na sake ya fi sau goma. Dare biyu ina kan wannan, har na fara tunanin ko kwamfutar da na aro ce ta lalace. Ranar ta uku na buɗe fayil ɗin da shi malamin ya turo, sai na ga inda ya rubuta SUM a wurina SOMME ya fito. Ashe Excel ɗinsa na Turanci ne, nawa na Faransanci. IF ɗinsa SI ne a wurinmu, VLOOKUP kuma RECHERCHEV. Inda yake raba abubuwa da waƙafi, mu waƙafi mai ɗigo a sama muke sawa, domin a tsarin Faransanci waƙafi na tsakiyar lamba ne, kamar 2,5. Har kwanan wata sai da ya rikita mu, don injinsa wata yake farawa da shi kafin rana, 03/04 a wurinsa huɗu ga Maris, a wurina uku ga Afrilu. Malamin bai san da wannan bambanci ba sam, alhali ya karɓi kuɗin 'yan Nijar da yawa. Wannan laifi ne, kuma na faɗa masa. Abin da ya burge ni shi ne bai yi gardama ba, ya roƙe ni in rubuta sunayen biyu gefe da gefe, ya liƙa a saman zaure saboda 'yan Damagaram da Tawa da ke fama da irin matsalata.

Abin da ya sa kuɗina bai faɗi ba shi ne dokarsa guda ɗaya: ba ya ba ka aikin gaba sai ka kawo na baya ya duba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan, ba ka wanke allo sai ka biya wa malam ya ce ya zauna. Kuma ba "daidai" ko "kuskure" kawai yake rubutawa ba. Saƙon murya yake turowa, na minti ɗaya ko biyu, kai kaɗai, a kan aikinka. Har yanzu ina da wanda ya ce mini: "Ɗan'uwa, duba layi na 14. Kuɗin dako ka zuba cikin kuɗin saye. Jimlarka za ta fito daidai, amma gobe ba za ka san ko mota ce ta cinye ribar ko kasuwa ba. Raba su." Na saurare shi sau uku a kan benci a ƙofar mangaza, kwamfuta a cinya, na gyara nan take. Saƙon bai ci komai na forfe ba, ya kuma koya mini abin da awa guda ta Zoom ba ta koya mini ba, don a kan kayana yake magana. Duk ƙarshen sati kuma sai ya cusa tambaya ɗaya daga darasin da aka wuce da daɗewa, kamar tilawa, don kada sabo ya kori tsoho.

Tun sati na biyar ya ce kowa ya bar misalan da ya bayar, ya kawo lissafin sana'arsa ta gaske. Nan ne Baba ya shigo ciki. Na zauna kusa da shi bayan magariba, na ce, "Baba, faɗa mini yadda ka sayi waken Gazawa." Ya ce tiya dala ɗari da hamsin. Na buga 150, sai na ga jimlar buhu ta fito 'yar mitsitsiya. Mu da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, wato 750 yake nufi. Sai na buɗe gida na musamman: in shigar da dala yadda ya faɗa, injin ya ninka sau biyar, ya sake ninkawa da tiya arba'in na buhu. Ya leƙo ya ga lambar, ya yi nasa lissafin a ka, ya ce, "Haka ne. Ci gaba." Daga nan muka ƙara gidan canji. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655,957, ba ta motsi, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 kullum da farashinta. Kana iya cin riba da naira a Dawanau, kafin ka mayar da kuɗin sefa ta narke. Da muka shigar da wani lodi na bara gaba ɗaya, da kuɗin buhun PICS mai ninki uku da muke adana wake a ciki, da 'yan dako, da kamyo, da duwan, da canjin ranar, sai ga shi lodin da muke ɗauka ya yi albarka da ƙyar ya mayar da uwar kuɗi. Baba ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in duba masa na aya ma.

Akwai sauran ƙorafi. A tallar an ce waya kaɗai ta isa. Ta isa kallon darasi da shigar da lambobi kaɗan, amma tsara shafi mai gidaje goma sha biyu a fuskar waya azaba ce, yatsa ya taɓa nan ya goge can. Ba don ɗan baffana da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo yana ara mini kwamfutarsa da dare ba, da ban kai ƙarshe ba. Zauren kuma ya cika da mutane fiye da kima, ga gaisuwar Juma'a, ga masu tallar turare da atamfa, darasi ya nutse a tsakiya sai ka yi ta nema. Sai a wata na biyu ya rufe shi ya zama shi kaɗai ke turawa, ya buɗe wani na hira, abin da ya kamata a yi tun ranar farko. Mafi ciwo a wurina shi ne wata na uku. Ya buɗe sabon aji kafin namu ya ƙare, gyaran da ke zuwa cikin yini ɗaya ya koma kwana huɗu ko biyar, saƙon murya ya koma kalma biyu a rubuce. Darussan ƙarshe, waɗanda suka fi wuya, a gurguje aka yi su. RECHERCHEV sai da na koma na ƙarasa koyonsa da kaina.

Takardar shaidar da ake bayarwa hoto ne kawai da sunanka a kai, ba wata hukuma da ta san da ita. Wanda ke neman takardar da zai kai ofis a ɗauke shi aiki, kada ya zo nan.

Mutane da yawa sun zube a hanya, ana ganin haka daga yadda masu kawo aiki suka yi ta raguwa. Ni abin da ya riƙe ni, bayan idon Baba, wani matashi ne mai kantin kayan gini a unguwar Zariya da na gane a zauren cewa ɗan Maraɗi ne. Muka sa Laraba bayan la'asar, tunda Litinin da Juma'a ranakun kasuwa ne ba mai sukuni. Kowa ya zo da aikinsa, in bayyana masa nawa da baki, ya bayyana mini nasa. Sau da yawa a tsakiyar bayanin nake gano inda na kuskure tun kafin ya ce komai. Duk wanda zai shiga irin wannan aji, ina ba shi shawara ya nemi abokin da zai riƙa gani ido da ido, ya tanadi kwamfuta ko ta aro ce, kuma kafin ya biya ya tambayi malamin abu biyu: mutum nawa ne a ajin, kuma wa zai duba aikina.

Kayen mai baƙin bango yana nan, Baba bai yarda a ajiye shi ba, kuma na ga dalilinsa, don mai bashi yana son ya ga sunansa a takarda. Da rana a kaye nake rubutawa, da dare in kwashe in shigar. Malamin ya sanar da mataki na biyu, na lissafin kayan da ke cikin mangaza da wanda ya fita. Na rubuta masa cewa zan shiga in zai taƙaita yawan ɗalibai kuma ya fitar da bayanin Excel na Faransanci tun farko. Ina so in gama shi kafin sabon wake ya fara shigowa a watan Oktoba.