Wajen alaimen ɗin da ya gano min ciwon motata a titin Zariya

Jama'a bari in ba ku labarin wani wajen alaimen, wato saita ƙafafun mota, da na je a nan Kano, don wallahi na daɗe ban ga masu aiki da hankali irin su ba. Motata Corolla ce ta 2008, tun damina da na faɗa wani rami wajen Kwanar Dangora da daddare ta fara ja min dama, in na ɗan sassauta hannu kawai sai ta kama hanyar gefen titi, sitiyarin kuma ya karkace ko ina tafiya miƙe. Sau biyu ina kai ta wani waje ana min alaimen, ana ɗora ta a kwamfuta a juya tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, a karɓi kuɗi, kwana uku huɗu ta koma gidan jiya. Kafin in ankara tayar gaba ta dama ta cinye ta ciki har waya ta fara leƙowa, ta waje kuwa kamar sabuwa, tayar da ko shekara ba ta yi ba. Abin ya ƙona min rai sosai.

Wani direban haya da ke zirga-zirgar Kano zuwa Kaduna ne ya kwatanta min wannan wajen a titin Zariya. Ina zuwa na ce alaimen nake so, sai ogan wajen, wani dattijo mai ɗan furfura a gemu, ya ce "Alhaji bari mu fara jin me take yi tukuna." Ya karɓi makulli muka fita tare, ya taka ta ya saki hannu kaɗan, ya taka birki, ya bi ta kan wani ɗan gargada yana kasa kunne. Ya tambaye ni ko sitiyari na rawa a hannu in na kai 90 zuwa 100, na ce a'a, ya ce to ba maganar balansin, wato daidaita nauyin taya, ba ce. In ka taka birki fa yana karkarwa? Na ce babu. Ya ce to diskin birki ma lafiya.

Da muka dawo iskar taya ya fara aunawa, ashe mai facin unguwarmu ya dura min 40 a gefe ɗaya ɗayan kuma 28, ya buɗe ƙofar direba ya nuna min takardar da ke manne a jikin ginshiƙin wadda kamfani ya rubuta iskar da ta dace, shekara nawa ina hawa motar nan ban taɓa karanta ta ba. Sannan aka ɗaga gaban, ya kama tayar da hannu biyu hagu da dama ya girgiza, ya ce in sa hannuna a kan tayarod ɗin in ji. Wallahi na ji shi yana ƙwas ƙwas a tafin hannuna, robar ta yage giris ya bushe ƙasa ta cika ciki. Ya kama sama da ƙasa ya girgiza don bol join da boris, waɗannan ƙalau. Ya sa ƙarfe ya ɗan banƙara lowa am, ƙarfen da ke riƙe ƙafar ta ƙasa, bushin ɗin, wato robar da ke jikinsa, ya tsage gida biyu. Ya ce "ka ga ko sau goma aka saita motar nan a haka, da ta faɗa rami ɗaya saitin ya tafi, ai ƙafar ce ke lilo."

Abin da ya ƙara burge ni bai ce lallai sai a wajensa zan sayi kaya ba, ya rubuta min a takarda na je Kofar Ruwa da kaina na sayo, da na kawo ma sai da ya juya tayarod ɗin a hannu ya ga yana da tauri kafin ya yarda a ɗaura. Bayan nan ne fa aka hau kwamfuta, aka ɗaure sitiyarin a tsakiya da wani ƙarfe, aka maƙala na'urori a tayoyin huɗu, ya kira ni gaban allon ya nuna min inda yake ja da inda ya koma kore. Ya kuma faɗa min gaskiya cewa bayan irin wannan Corolla ba shi da wajen saiti, ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu, in ya lanƙwashe sai dai gyara ko canji, nawa dai Allah Ya taimaka lafiya yake. Man fawa sitiyari ma ya leƙa, tunda tawa mai amfani da mai ce ba ta lantarki ba, ya ce ya yi baƙi in canza amma ba na gaggawa ba ne.

Inda ban ji daɗi ba, wajen zama babu, benci ɗaya ne a ƙarƙashin wata 'yar rumfa kuma ranar Asabar cike yake, na fi awa biyu ina jiran layi ga rana, aka ɗauke wuta kuma sai da aka yi ta fama da janareta. Sannan yaron da ya ɗaure tayoyin ya matse notocin da bindigar iska fiye da kima, na ce masa ƙanena in na yi faci a daji wa zai kwance min wannan, ogan ya ji ya sa shi ya sassauta ya ƙarasa da hannu. Wannan ya kamata su gyara.

Kuɗin aikin bai kai na rabin tanki ba, taya ce dai ta ci min kuɗi don dole na sayi biyu na gaba. Wata biyu ke nan, na je Zariya sau uku na je Wudil, sitiyari na tsakiya, ba ja ba ƙara, jiya ma na durƙusa na shafa cikin tayar da hannu, a daidai take ci. Mai son zuwa ya je da sassafe ranar Talata ko Laraba, ya kuma tafi da ruwan shansa.