Shekara biyu da Fiesta ST, da daren da na bar tsere a kan titi

Ford Fiesta ST ɗin da nake hawa ƙirar 2015 ce, ta hannu na saye ta, kuma yau shekararta biyu a wurina. Wanda ya gan ta a ajiye ba zai ɗauke ta a bakin komai ba: 'yar ƙaramar mota mai ƙofa uku, ga bakin salansa biyu a baya, ga tayoyi sirara. Sai an zauna a ciki an taka totur ake sanin abin da ke ƙarƙashin bonet. Tambayar da aka fi yi mini ita ce, "Za ta iya da mota kaza idan aka jera?" Da can da zumuɗi nake amsawa. Yanzu kuwa ina ganin tambayar ba ta taɓo komai daga abin da motar ta ƙware a kai ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Injinta mai lita 1.6 ne, silinda huɗu, daga jerin da Ford ke kira EcoBoost. A takarda ƙarfin doki 182 ne da awon Turai, amma idan aka danne totur har ƙasa, kwamfutar injin tana ƙyale turbo ya ƙara matsi na 'yan daƙiƙu, ƙarfin ya kai wajen 200. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa daƙiƙa 6.9 take ɗauka, ƙarshen gudunta kuma wajen 220 ne. Giyarta shida ce ta hannu, ba a ma yi mata ta otomatik ba. Nauyinta bai kai kilo 1,200 ba, kuma a wurina wannan adadin ya fi duk sauran muhimmanci.

Ga wanda bai san aikin turbo ba, abin mai sauƙi ne. Hayaƙin da injin ke fitarwa, maimakon ya wuce ta salansa a banza, sai a bi da shi ta kan wata 'yar fanka ya juya ta. Fankar tana kan sanda ɗaya da wata ta biyu, wadda ke cusa iska cikin injin da ƙarfi. Iska ta ƙaru, man da za a ƙona ya ƙaru, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Dabarar tsohuwa ce, tun 1905 wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi mata rajista, sai dai ta daɗe kafin ta sauko cikin motocin da mai matsakaicin hali zai iya saya. Fankar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, cikin zafin hayaƙi, kuma baƙin man injin ne kaɗai ke shafe mata sanda. Duk wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai yi wasa da canjin mai ba.

Abin da ya fara kama ni ba gudu ba ne, ja ne. Tun injin yana juyi 1,600 a minti cikakken ƙarfin jansa yake zuwa, kuma ba ya saki har wajen 5,000. Kana giya ta huɗu a bayan tirela, hanya ta buɗe, ka taka, sai ka ji kamar an dafa bayanka an tura. Ba sai ka sauko da giya biyu injin yana kuka ba. Akwai ɗan jinkiri tsakanin takawa da zuwan ƙarfin, kamar jan numfashi ɗaya, wanda kowane turbo yana da shi, amma a nan ƙanƙani ne, bayan mako guda ƙafata ta saba. Wuce babbar mota cikin ɗan gajeren lokaci a koma hannu lafiya, a nan ne ƙarfin yake da amfani na gaske a tuƙin yau da kullum.

Sai kwana. A nan ne nake son motar nan har cikin raina. Sitiyarinta ba ya ɓata lokaci, kana karkata hannu hancin motar ya bi, kuma kana jin abin da tayoyin gaba ke takawa a tafin hannunka. Kujerunta na kamfanin Recaro suna rungume haƙarƙari ta yadda jiki ba ya zamewa, ko da yake mai jiki sosai zai ji sun matse shi. Idan aka shiga kwana da ɗan ƙarfi aka sassauta totur, bayan motar yana ɗan juyowa ya taimaka wa gaba, kamar dokin da ya san linzami. Ba ta da na'urar ƙarfe da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba irin wadda aka sa wa Hyundai i20 N daga baya. Kwamfuta ce ke ɗan taɓa birkin tayar ciki don motar ta riƙe layinta. Dabarar tana aiki, kuma direba ba ya ma jin ta, sai dai birkin gaba ne ke ɗaukar wahalar. Duk wannan daɗin ana samunsa a gudun 60 ko 70, cikin doka, ba tare da an tsorata kowa ba. Manyan motoci masu ƙarfin doki 500 ba sa farkawa sai a gudun da hanya ba za ta ɗauka ba. Wannan kuwa a farke take koyaushe.

Abin da aka bayar aka karɓi wannan shi ne laushi. An sauke ta ƙasa da milimita 15 a kan Fiesta ta gama-gari, an ƙarfafa sifirin da shokozoba, tayoyin kuma 205/40 ne a kan rim mai inci 17, wato robar gefe kaɗan ce. A hanya mai gargada kowane rami sai ya gaishe ka, kuma na koyi kallon kwalta da idon mai keke. Kujerar baya ta yara ce ko ta gajeriyar tafiya. Haka kusan duk ajin nan suke, wanda ke neman motar iyali ya duba wani wuri.

Na ɗan taɓa abokan gasarta. Peugeot 208 GTi ta fi laushi, Polo GTI ta fi natsuwa da kyan ciki, Clio RS ta wancan zamanin giyarta mai sarrafa kanta ce kawai, ni kuma ina son kuloci a ƙarƙashin ƙafata. Wadda ta ba ni mamaki ita ce Suzuki Swift Sport mai injin lita 1.4: ƙarfin doki 140 kacal, amma nauyinta bai kai tan ɗaya ba, kuma a kwana ba ta jin kunyar kowa. Golf GTI ta farko da ta buɗe hanyar irin waɗannan ƙananan motoci masu zafi a 1976 ma ƙarfin doki 110 gare ta, babu turbo, rashin nauyi ne makaminta.

Yanzu ga maganar da ta fi mini nauyi. A watannin farko na shiga sahun masu haɗuwa da dare a jera motoci a wani faffaɗan titi idan ƙafa ta ɗauke. Ba zan ɓoye ba, akwai abin da ke jan mutum: ƙarar injuna, fitilu, abokai suna zuga. Wani dare muka jera da wani abokina, shi ma ƙaramar mota mai turbo gare shi. Muka tashi, ina giya ta huɗu, allura ta haura 150, sai ga mutum a kan keke ba fitila yana tsallaka titi. Na danne birki da duk ƙarfina, feda tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, na ɗan kauce hagu. Na wuce shi da tazarar da ba ta kai tsawon hannu ba. Na ga fuskarsa. Dattijo ne, da ƙunshin kaya ɗaure a bayan keken.

Na faka a gefe, hannuwana sun ƙi tsayawa. Abokina ya dawo ya buɗe ƙofa ya ce, "Malam, lafiya? Ai ka tsallake." Na ce masa, "Ni na tsallake, shi fa me ya yi da zai shiga cikin wasanmu?" Bai ce komai ba. Daga ranar ban sake jerawa da kowa a titi ba, kuma ba zan sake ba.

Da na natsu sai na zauna na yi lissafi. A gudun 100 mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, a 160 kuma fiye da mita 44. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, ƙafa ta bar totur ta hau birki, daƙiƙa guda ta tafi ko fiye, ballantana da dare. Sannan nisan tsayawa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: idan gudu ya ninka biyu, nisan birki sau huɗu yake ninkawa. Daga 100 zuwa 160, abin da birki zai kashe ya haura ninki biyu da rabi. Fitilar gaba ba ta haska nisan da ake buƙata a wannan gudun. Wato a daren nan, kafin in ga dattijon, lissafi ya riga ya fita daga hannuna. Birkin motar ya yi iya ƙoƙarinsa, sauran kuwa kiyayewar Allah ce.

Wani abin da na gane daga baya shi ne, tseren titi ba ya ma auna motar. Irin waɗannan motoci tayoyin gaba ne ke jan su, kuma a lokacin tashi nauyi baya yake komawa, sai gaba ya yi sakayau, taya ta kama juyi a banza, sitiyari yana fizgar hannu. Idan aka daɗe a tsaye ana jiran layi, lagireton da ke sanyaya iskar turbo yana ɗaukar zafi, iska mai zafi kuma ba ta da kauri, kwamfuta ta rage wuta don kare injin. Motar da ta ci a zagayen farko za ta iya faɗuwa a na uku ba tare da an taɓa komai ba. A ƙarshe wanda ke ci shi ne wanda ya fi jinkirin ɗaga ƙafa idan ya hango mahaɗa. Wannan gwajin ganganci ne, babu ruwan injiniya a ciki. Matsalar ba sabuwa ba ce: a Amurka, Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 don a janye matasa daga tituna zuwa filin da aka killace, inda ake auna gudu a tsawon mita 402 da agogo, ba da gardama ba.

Ni ma filin tsere na koma, irin ranakun da ake buɗe wa masu motocin gida su shiga da hular kwano bayan an duba motar. A yini ɗaya na san motata fiye da abin da na sani a wata shida na yawon dare. Kowa hanya ɗaya ya nufa, babu mai tsallakawa, ga fili a gefe idan ka zarce. A nan na fara jin iyakar tayoyin, na ji yadda bayan motar ke motsi, na koyi cewa shiga kwana a hankali a fita da ƙarfi ya fi faɗa mata da hauka. Bayan 'yan zagaye fedar birki ta yi laushi. Laifina ne, ban canza man birki ba tun da na sayi motar, shi kuma yana shan danshi da daɗewa, ya tafasa da wuri. Na zuba sabo mai jure zafi, na sa fad ɗin birki masu kyau, matsalar ta wuce. Na kuma koyi yin zagaye ɗaya a hankali kafin in tsaya, don birki da turbo su huce.

Akwai jarabar da ke bin duk mai irin wannan mota, wato a taɓa kwamfutar injin a ƙara matsin turbo. Da sauƙi ake samun ƙarin ƙarfi, shi ya sa abin ke da farin jini. Na gwada a wurin wani mai wannan sana'a. Motar ta ƙara zafi, gaskiya ne, amma ba a jima ba kuloci ya fara zamewa a manyan giyoyi, injin kuma ya zama mai tsirfa a kan mai: idan okten ɗinsa, wato yadda yake jure matsi ba tare da ya kama da kansa ba, ya yi ƙasa, man yana kamawa kafin tartsatsin filogi ya gama aikinsa, abin da ke cin fistin a hankali. Na mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, na canza kuloci. Kuɗin da ya fi yi mini amfani shi ne wanda na sa a tayoyi huɗu masu kyau. Su suka rage nisan birki, su suka gyara kwana, har tashi daga tsaye ya fi tsabta.

Shan mai ya danganta da ƙafarka. Idan kana lallaɓa ta, kamar kowace ƙaramar mota take sha. Idan turbo yana aiki ba hutu, allurar tanki a gabanka take sauka. Da safe ina barin baƙin mai ya ɗumama kafin in matsa mata, kuma ba na wuce lokacin juye.

An daina ƙera Fiesta gaba ɗaya a watan Yulin 2023, don haka mai so sai ta hannu. Da yawa daga cikinsu sun sha wuya a wurin masu su na farko. A nemi takardun sabis, a tambaya ko an taɓa kwamfutar, a duba ruwan lagireto da ko akwai alamar yoyo, a tayar da ita da sanyin safiya a kalli hayaƙi, shuɗi alamar turbo ko injin na shan baƙin mai ne. A sa giya ta biyar a ƙaramin gudu a danne totur: idan juyin injin ya haura amma motar ba ta bi ba, kuloci ya tafi. Tayoyin gaba ma suna ba da labarin mai motar.

Da za a mayar da ni baya, ita zan sake saya, kuma ranar da na karɓi makulli zan nemi filin tsere mafi kusa in yi rajista. Abokin nan nawa da muka jera a wancan daren ya bi ni filin sau biyu yanzu. A zuwanmu na ƙarshe ya riga ni da kusan daƙiƙa ɗaya a zagaye, kuma na gano inda nake asararta: ina taka birki da wuri a kwana ta uku.