Katako, ƙarfe ko roba: wace sandar riƙo za ku haɗa wa mai koyon rawar bale a gida?

Duk darasin rawar bale, wato rawar da Turawa ke kira ballet, a jikin sanda yake farawa. Kafin mai koyo ya fito tsakiyar fili ya yi juyi ko tsalle, sai ya ɗauki wajen rabin sa'a yana dafe da doguwar sanda da hannu ɗaya, yana lanƙwasa gwiwa a hankali, yana miƙe ƙafa gaba da gefe da baya, yana ɗaga dunduniya. Haka ake yi a Faris, inda Sarki Luwi na 14 ya kafa makarantar rawa a 1661, haka kuma ake yi a Legas, a makarantar Leap of Dance da ta horar da Anthony Madu, yaron nan da bidiyon rawarsa cikin ruwan sama ya karaɗe duniya a 2020. Mu nan Bauchi masu koyon ba su da yawa. Waɗanda nake gani yara mata ne da ke bin darasi ta waya a cikin gida, sai kuma iyaye mata da suka ɗauki atisayen sandar kaɗai don ƙarfafa ƙafa da baya. Dukkansu suna buƙatar abin dafawa da ba ya girgiza, kuma babu dalilin yin oda daga waje a biya kuɗin dako, alhali kafinta da mai walda na unguwa za su iya aikin idan an ba su awo daidai.

Awon shi ne farko, kuma a jikin mai amfani da sandar ake ɗaukarsa. Ta tsaya ba takalmi, ta miƙa hannu gefe, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, kafaɗa a sake. Inda tafin hannu ya sauka, tsakanin kwatangwalo da ƙugu, nan ne tsayin sandar. Ga babba yakan faɗa tsakanin santimita 100 da 110 daga ƙasa, ga yarinya 'yar firamare kuwa 70 zuwa 85. Idan sandar ta yi sama, kafaɗa za ta riƙa ɗagewa har ya zama ɗabi'a. Idan ta yi ƙasa, sai yarinyar ta riƙa karkata gefe, kuma gyara wannan daga baya ya fi koyar da tsayuwar tun farko wuya. Kaurin da hannu ke jin daɗinsa santimita 4 zuwa 5 ne, kamar ƙotar fartanya mai kyau. Tsawon mita 1.2 zuwa 1.5 ya ishi mutum ɗaya.

Akwai abubuwa biyu da mutane ke fara tunani a kansu saboda suna nan a gida. Bayan kujera mai nauyi yana aiki a watannin farko, kuma ina ba da shawarar a fara da shi kafin a kashe ko sisi, a ga ko sha'awar yarinyar za ta ɗore. Sandar labule kuwa a bar ta. Siririya ce, cikinta fanko, maƙalanta an yi su ne don ɗaukar yadi.

Fayif ɗin roba na PVC shi ne mafi arha, shi ne kuma aka fi gani a bidiyon intanet. Ana yanka shi da ƙaramin zarto, a haɗa da mahaɗai masu gwiwa da masu kai uku, cikin yini ɗaya an gama, ba a nemi kowa ba. Idan shi za ku saya, ku ce wa mai shago mai kauri kuke so, na ruwan famfo, inci ɗaya da rabi. Wanda ake saka wayar lantarki a ciki da siririn nan na ruwan datti ba za su yi ba. Amma ku san abin da kuka saya. Da ya wuce mita 1.2 yake fara lotsawa a tsakiya, ba shi da nauyi don haka yana bin hannu, kuma rana tana cinye shi: fayif ɗin da ya sha zafin Maris da Afrilu a tsakar gida yakan bushe ya yi gautsi, wata rana ya tsage ba zato. Ɗura yashi a ƙafafunsa yana rage motsin, bai kawar da shi ba. Ni a ganina wannan na yara ne 'yan ƙasa da shekara bakwai ko takwas, a cikin ɗaki. Babba da za ta ɗora ƙafa a kai don miƙe jijiya kada ta dogara da shi.

Ƙarfe ba ya lotsawa, kuma masu walda sun san shi ciki da bai. Abin lura wajen saye shi ne sunan da ake kiran fayif da shi ba shi ne kaurinsa na waje ba. Wanda ake ce wa inci ɗaya da kwata, bayansa kusan milimita 42 ne, inci ɗaya da rabi kuma kusan 48. Na farkon ya fi dacewa da hannun yara da yawancin mata. Baƙin fayif ya fi sauƙin kuɗi, sai dai gumin hannu da ɗanshin damina suna sa shi tsatsa, dole a shafa masa jan fentin hana tsatsa kafin fenti na sama. Farin fayif na ruwa, wanda aka lulluɓe da zinki, ba ya saurin tsatsa, amma hayaƙin da yake fitarwa wajen walda yana sa zazzaɓi da ciwon kai, don haka a yi aikin a fili, a kankare wurin da za a ɗinke. Akwai kuma mai ƙyallin nan da ake yi wa matakalar bene. Yana da kyau a ido, yana da tsada, yana kuma santsi da zarar hannu ya jiƙe.

Matsalar ƙarfe duka ɗaya ce, hannu ba ya son sa. Da asubar hunturu sanyi ƙalau, da la'asar ɗin bazara kuma, in rana ta taɓa shi, ba ya dafuwa. Yarinyar da ke jin sanyin sanda za ta riƙa ƙanƙame ta ko ta riƙa sakinta, alhali abin da ake so shi ne yatsu su kwanta a kai kawai, nauyin jiki yana kan ƙafa.

Shi ya sa na fi son katako, kuma shi ne aka fi amfani da shi a ɗakunan koyon rawar. Yana shan gumi, ba ya zafi ba ya sanyi, yana da ɗan riƙo ba tare da ya manne wa fata ba. Sai dai a nan ne aka fi yin asara idan ba a kula ba. In kun shiga wajen 'yan katako a kasuwar Muda Lawal, ku nemi mai tauri kamar maɗaci ko iroko. Obeche yana da arha da sauƙin fiƙewa, amma laushinsa ya yi yawa, sukuru ba ya zama daram a cikinsa, gara kuma tana son sa. Malaina tana tsakiya, za ta yi idan sandar gajera ce. Fiye da irin icen ma, ku dubi bushewarsa. Katakon da aka yanko ɗanye, in hunturu ya buga shi, sai ya murɗe ko ya dare. Ku ɗaga shi ku ji nauyi, ku sa ido ta ƙarshensa ku hango ko a miƙe yake, ku guje wa mai kulli a tsakiya domin nan yake karyewa. Idan da hali a saya da rani, a ajiye a inuwa na 'yan makonni kafin a fara aiki.

Kada ku sayi mai inci biyu da biyu kuna zaton zai ba ku kaurin da ake so, domin bayan an goge an zagaye shi sai ya sirance. Ku ɗauki wanda ya ɗan fi haka. Kafintan da ba shi da injin juya dogon katako zai iya fiƙe kusurwoyi huɗun su koma takwas, sannan ya bi da samfefa har ya zama zagaye. Ku ce masa, “Malam, hannun yarinya ne zai riƙa bi ta kai, ko sartse ɗaya ba na so.” Zai so ya zuba masa banish mai kauri don ya yi ƙyalli. Ku roƙe shi ya bari. Banish mai kauri yana danƙo da gumi, shafa ɗaya marar kauri ko ɗan man katako ya wadatar.

Sauran tambayar ita ce a bango za a kafa ko a tsaye za a bar ta, kuma amsar tana wajen ginin da kuke ciki. Ta bango ta fi kowace ƙarfi, ba ta cin wuri, kayanta ma sun fi kaɗan: sanda da biraket, wato maƙalin ƙarfe da ke riƙe ta a bango, biyu ko uku. A bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakaninta da bango don hannu ya sake, kuma kada biraket ya yi nisa da ɗan'uwansa fiye da mita ɗaya da ɗan kai. Amma bulon siminti cikinsa rami ne, wani kuma yashi ya fi siminti yawa, sai ka ga fisha, robar nan da ake cusawa a ramin bango, da sukuru sun riƙe wata guda sannan su fara kwaɓewa. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce wadda magina ke bi wajen kafa ƙarfen taga: a fasa bulon, a dasa ƙafar biraket ɗin, a cika da kankare, a bar shi ya yi mako kafin a dafa. Kafin a huda ko'ina a dubi inda soket da makunni suke, domin waya takan bi sama ko ƙasansu a miƙe. Ginin ƙasa kuwa ba a kafa masa wannan sanda ko kaɗan. Nan sai dai a dasa turaku biyu na ƙarfe a daɓe.

Ga 'yan haya, da masu son fitar da ita tsakar gida da yamma su mayar ɗaki da dare, mai tsayuwa da ƙafafunta ce mafita, kuma a nan haɗin gambiza ya fi: ƙafafu na ƙarfe, sama katako. Kowace ƙafa ta kwanta a ƙasa aƙalla santimita 60, a sa wani fayif a ƙasa ya haɗa turakun biyu don kada su riƙa rawa. Wannan fayif na ƙasa, in an sa shi a tsayin santimita 75 ko 80, ya zama sanda ta biyu ga ƙanwa. Idan yarinyar tana cikin girma, ku sa mai walda ya zura ƙaramin fayif cikin babba, ya huda ramuka kowane santimita 5, a riƙa ɗagawa ana ɗaurewa da noti. Ta fi ta bango tsada saboda yawan ƙarfe da kuɗin aiki, amma in kun tashi da ita za ku tashi. A manna guntun roba ko tsohuwar taya a ƙarƙashin ƙafafun don kada su ja a kan tayil.

Tunda an ambaci tayil, daɓen ma abin dubawa ne. Tayil da safa santsi ne, siminti kuma ba ya sassauta wa gwiwa. Atisayen jikin sanda ba shi da matsala a kai, amma tsalle-tsalle a kan siminti kullum yana gajiyar da idon sawu da ƙwauri. A kuma tabbatar akwai fili kamar mita ɗaya da rabi gaba da baya, don ƙafa kada ta daki gado ko kabad.

A ƙa'ida dafa sandar ake yi kawai, amma gidan da ke da yara, sai an yi lilo a kanta. Saboda haka kafin ku cika wa mai aiki kuɗinsa, babban mutum ya danna ta da hannu biyu da duka nauyinsa, ya ja ta gaba ya tura baya. Idan ta motsa, ko garin siminti ya zubo daga gindin biraket, a gyara a ranar. Sannan ku bi ta da tsohon ɗankwali daga wannan kai zuwa wancan, duk inda zare ya maƙale a sake goge wurin, har da bakin walda da kan noti.