Wata huɗu ina aiki da ɗan allon haɗa wutar USB biyu: ga abin da na gani

Gyaran waya nake yi a wani ɗan shago kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram, kuma rabin aikina yanzu sai da intanet. Ina da wata 'yar na'urar wifi da ake saka wa sim, ba ta da batir a ciki, wutar USB kawai take ci, bolt 5. Sau nawa ina tsakiyar sauko da manhajar wata waya, fayil mai giga uku ko huɗu, sai kuran ya ɗauke, na'urar ta mutu, a koma farko. Kuɗin data ya tafi, ga mai waya zaune kan benci yana jira. Abin da nake nema bai da yawa: na'urar ta riƙa shan wuta daga cajar bango, in kuran ya tafi ta koma kan batir ba tare da ta mutu ba.

Da farko na yi abin da mutane da yawa ke yi, na fere wayoyin USB biyu, na haɗa ja da ja, baƙi da baƙi. Cikin kwana uku fawabank ɗina ya fara zafi, daga baya bakin fitar wutarsa ya daina aiki. Duk wanda ya taɓa haɗa tanki biyu da tiyo ɗaya ya san dalili: ruwan wanda ya fi cika yakan gangara cikin ɗayan. Caja biyu ba sa taɓa ba da ƙarfi iri ɗaya daidai. Ƙa'idar USB 2.0 ta farko ma ta yarda ƙarfin ya yi wasa tsakanin bolt 4.75 da 5.25, don haka wadda ke ba da 5.2 za ta tura wuta ta baya cikin wadda ke ba da 4.9, ta ƙofar da aka gina don fita kawai.

Sai na koma ga diyod, wadda ke barin wuta ta wuce gaba ta hana ta dawowa. Na sa 1N4007 ɗaya a kowane layi. Komawar wutar ta tsaya, amma irin wannan diyod tana cinye kusan bolt 0.7, abin da ya rage bai wuce 4.3 ba, na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta. Na canja zuwa SS34, irin diyod ɗin da ake kira Schottky, wadda ke cin kusan 0.4. Wannan ta yi aiki, kuma ga mai ƙaramin buƙata har gobe ina ba da shawararta, don ba ta da tsada kuma ana samunta a tsofaffin alluna. Matsalarta biyu ce a wurina. In ka ja amfer 2, bolt 0.4 ɗin nan ya zama wat 0.8 na zafi a kan abu ɗan ƙarami, ga shi 'yar yoyon da Schottky ke yi ta baya tana ƙaruwa da zafi, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40 tun kafin a kunna komai. Ta biyun ta fi damuna: diyod ba ta san wane ne babba ba. Duk layin da ya fi ƙarfi shi ke ciyarwa, sai ka tarar batir ya ƙare alhali kuran yana nan.

Ɗan allon da nake magana a kansa wani ɗan'uwa ne ya taho mini da shi daga Kano, kuɗinsa ya kama kusan jika uku. Bai kai rabin akwatin ashana ba. Bakin shiga biyu, bakin fita ɗaya, babu sunan wanda ya haɗa shi a jiki, amma aisin da ke tsakiya, wato ɗan guntun lantarkin da ke sarrafa aikin, TPS2116 ne na kamfanin Texas Instruments. A takardar bayaninsa yana aiki daga bolt 1.6 zuwa 5.5, yana ɗaukar amfer 2.5. Maimakon diyod, makunnin mosfet ne a ciki, wato wani irin transista mai buɗe wa wuta hanya ko rufe ta, kuma turjiyarsa ga wucewar wuta kusan miliom 40 ce kacal. A lissafi, amfer 1 zai rage bolt 0.04 ne kawai. Na sa mita na auna: 5.12 ke shiga, 5.06 ke fita na'urar tana aiki, ragowar kuwa wayoyi da bakunan ne suka ci. Na ɗora yatsa a kai da azahar, ban ji wani zafi ba. Na cire cajar bango na auna bakinta yayin da batir ke ciyarwa, babu abin da ke dawowa. A nan ne hankalina ya kwanta, don wannan shi ne ainihin aikin da na saye shi dominsa. Ga mai son haɗa nasa da mosfet guda ɗaya, ya tuna cewa akwai wata diyod ta halitta a jikin kowane irin mosfet ɗin wuta, wadda ke barin wuta ta zarce ta gefe ɗaya ko an kashe shi, shi ya sa ake jera biyu baya da baya. Aisin ya ɗauke maka wannan ciwon kai.

Abin da ya fi burge ni shi ne ya san babba. Muddin layi na ɗaya, wato na cajar bango, yana da ƙarfi, bai taɓa batir. Sai dai a nan ne na gamu da aibin farko, kuma na wanda ya haɗa allon ne. Aisin yana duba wata ƙafa mai suna PR1, in ƙarfin da ke kanta ya faɗi ƙasa da bolt 1 sai ya juya zuwa layi na biyu, kuma rezistans biyu, wato 'yan abubuwan da ke rage gudun wuta, su ne ke tsara a wane mataki hakan zai faru. A nawa an tsara shi ƙasa da yawa. Cajar bango kuwa ba ta mutuwa nan take in kuran ya ɗauke, a hankali ƙarfinta ke sauka, to kafin allon ya juya na'urar ta riga ta suma. Na canja rezistans ɗaya na ɗaga matakin zuwa kusan 4.5, na ƙara kondansater, mai ajiye 'yar wuta na ɗan lokaci, a bakin fita. Tun daga ranar fitilar wifi ko ƙiftawa ba ta yi.

Aibi na biyu ya ci mini yini guda. Bakunan shigar USB-C ne, amma da na sa wayar caji wadda kanta biyu duk C ne, wuta ta ƙi zuwa. Caja mai USB-C ba ta sakin wuta sai ta ga rezistans na kiloom 5.1 a kan ƙafafun CC1 da CC2, shi kuwa mai haɗa allon ya bar su babu. Da wayar da kanta ɗaya babban USB ne yana aiki lafiya. Rezistans huɗu da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, rashinsu zai sa wanda bai sani ba ya jefar da allo mai kyau.

Akwai kuma abin da ba laifin allon ba ne. Yawancin fawabank suna kashe kansu in sun ji ba a jan wuta, to tunda allon bai taɓa batir sai kuran ya tafi, lokacin da ake buƙatarsa yana barci. Na bar fawabank gaba ɗaya, na jawo layi na biyu daga batirin fanon hasken rana mai bolt 12 ta cikin ɗan abin rage wuta zuwa 5. Kada wanda ya kuskura ya kai 12 ɗin kai tsaye, iyakar aisin 5.5 ce.

Maƙwabcina mai shagon cajin waya ya ga abin, ya ce, "Malam, haɗa mini irinsa mana, in sa caja biyu masu amfer 2 in samu 4." Na ce, "Alhaji, ku yi haƙuri, wannan bai tara wuta, zaɓa yake yi. Ɗaya ke aiki, ɗaya na jira." Bai ji daɗi ba, amma gara ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa. Ko haɗin diyod ma ba ya raba kaya daidai tsakanin caja biyu.

Ga mai 'yar na'urar wifi, kyamarar tsaro ko ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda ke fara gargaɗi da zarar wuta ta sauka wajen bolt 4.63, wannan allo ya cancanci kuɗinsa, muddin abin da za a ɗora masa bai wuce amfer 2.5 ba, kuma akwai mai riƙe dalma a kusa da zai duba rezistans ɗin. Na riga na aika a kawo mini guda biyu, ɗaya na gida, ɗaya kuma yaron shagona zai koyi aunawa da canja rezistans a kansa.