SUM ko tarawa da hannu: wanne ya fi a Excel?

Mai lissafin kasuwanci a Excel yana da hanya biyu: ko ya rubuta =B2+B3+B4 har ƙasa, ko ya ce =SUM(B2:B40), wato umarnin da ke tara lambobin gidan B2 zuwa B40, ya huta. Ni dai ina bayan ta biyu. In wani ya cusa sabon layi a tsakiya, SUM takan faɗaɗa da kanta ta haɗa da shi. Tarawar hannu kuwa sai ta tsallake layin shiru, kuɗi su ɓace ba wanda ya sani. In aka rubuta kalma a gurbin lamba, alamar tarawa ta jefo maka saƙon kuskure #VALUE!, ita kuma SUM ta wuce abinta. Nan ma akwai haɗari, domin kuskuren ya ɓuya ke nan.

Wajen kwanan wata tazarar ta fi fitowa. In ka ƙera ƙa'idar biyan bashi a ƙarshen wata da kanka, dole ka tuna Fabrairun 2024 kwana 29 ne. EOMONTH, umarnin Excel mai gano ranar ƙarshen wata, ta riga ta sani.

Rubuta umarnin kanka da VBA, harshen shirye-shirye na Excel, yana da amfani in ƙa'idar ta kamfaninku ce kaɗai, kamar rangwame mai hawa-hawa. Sai dai wanda zai gaji kujerarka sai ya bi shi layi-layi kafin ya taɓa komai.