Hilux Mai Dizal Ko Mai Fetur: Wa Ya Kamata Ya Biya Ƙarin Kuɗin?

Duk wanda ya je sayen Toyota Hilux zai tarar ana ɗora wa mai dizal kuɗi fiye da 'yar'uwarta mai fetur, kuma hujjar dillalai ba ta wuce cewa ta fi ƙarfi, ta fi tsimin mai, ta kuma fi daɗewa ba. Akwai gaskiya a maganar, amma ba kowane mai saye ne zai ci moriyarta ba. Na yi aiki da iri biyun wajen jigilar amfanin gona da zirga-zirgar gari, kuma ra'ayina shi ne mafi yawan masu sayen a-kori-kura a wajenmu mai fetur ce ta dace da su.

A batun ƙarfi babu gardama. Injin dizal mai lita 2.8, wanda kamfanin ya fito da shi a 2015 ya kuma ƙara masa ƙarfi a 2020, yana ba da ƙarfin doki 204 da ƙarfin juyi, wato ƙarfin jan kaya da ake aunawa da Nm, da ya kai Nm 500 a samfurin da ke canza giya da kansa. Injin fetur mai lita 2.7 kuwa ƙarfin dokinsa bai wuce 166 ba, ƙarfin juyinsa kuma Nm 245 ne, wato bai kai rabin na dizal ba. Abin da ya fi lambobin muhimmanci shi ne inda ƙarfin yake fitowa, domin mai dizal tana ba da shi tun injin yana juyawa sau 1,600 a minti, alhali mai fetur sai an kai ta wajen 4,000. Ana ganin wannan ƙarara idan aka cika bayan mota da buhunan masara a tsakiyar damina, aka zo fita daga kasuwar ƙauye inda taɓo ya cinye hanya. Mai dizal da an saki kuloci sai ta ja a natse ba tare da hayaniya ba, mai fetur kuwa sai direba ya danne totur, injin yana kuka, tayoyin baya suna watsa laka, wani lokaci har ƙaurin kuloci ya tashi.

Tsimin mai shi ne wurin da ya kamata mai saye ya zauna da alƙalami. Litar dizal ta fi ta fetur makamashi, kuma injinsa, wanda ke kunna mai ta hanyar matse iska ba da fulogi ba, ya fi iya tatsar wannan makamashin. Shi ya sa a tafiyar kilomita 100 mai dizal ke shan wajen lita 8, mai fetur kuma wajen lita 11, idan babu lodi mai nauyi. Tankin Hilux yana ɗaukar lita 80, saboda haka a lissafin takarda mai dizal za ta kusanci kilomita 1,000 kafin ta nemi gidan mai, ita kuwa mai fetur za ta tsaya a ɗari bakwai da 'yan kai. Sai dai wannan riba tana nan ne kawai muddin farashin litar dizal bai zarce na fetur da fiye da wajen kashi 37 cikin ɗari ba, domin da ya haye haka, tsimin ya tashi a banza. Masu motocin dizal a Najeriya sun ɗanɗana kuɗarsu a 2022, lokacin da litar dizal ta haura Naira 700 yayin da fetur mai tallafi yake ƙasa da Naira 200. Cire tallafin fetur da Shugaba Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu, 2023, da fara aikin matatar Dangote a 2024, sun rage wannan tazara matuƙa, amma farashin yana hawa da sauka, kuma mota ba abar da ake saya don shekara ɗaya ba ce. Ko da tazarar ta yi daidai, wanda ba ya yin doguwar tafiya zai shafe shekaru kafin abin da ya tsimi a gidan mai ya biya ƙarin kuɗin da ya bayar ranar saye.

Abin da ya fi damuna da dizal na zamani shi ne rashin haƙurinsa da gurɓataccen mai. Sunan da dizal ya yi na juriya, tsofaffin injuna ne suka samo masa, irin 5L mai lita 3.0 da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, wanda ba shi da gudu amma gyaransa ba ya ɗaga hankali. Injin 2.8 wani abu ne daban, domin yana fesa mai da matsi mai tsanani ta nozul masu ƙananan ƙofofi, kuma ɗan ruwa ko ƙura ko kananzir da aka gauraya a jarkar 'yan bumburutu ya isa ya lalata su tare da famfon mai. Akwai fitila a gaban direba da ke kunnuwa idan ruwa ya taru a ƙasan filtar mai, sai a kwance ɗan murfin da ke ƙasa a tsiyaye shi, kuma duk wanda ya taɓa tara kwalba ya ga ruwan yana kwanciya a ƙarƙashin man zai gane abin da injin ke fama da shi. Idan nozul suka mutu, kuɗin canza su kaɗai yana iya cinye tsimin watanni masu yawa, ga shi ba kowane gari ne ke da makanike mai na'urar gwada su ba. Injin fetur 2.7 kuwa kusan duk garejin da ka shiga an san shi ciki da waje, kayan gyaransa suna ko'ina, kuma idan ana yi masa juyen baƙin mai a kan lokaci, ba ya tayar da rigima.

Saboda haka wanda aikinsa jan tirela ne, ko ɗaukar siminti da takin zamani da hatsi a kan dogayen hanyoyi kusan kullum, kuma yana da amintaccen gidan mai, ƙarin kuɗin mai dizal halal ne a gare shi, zai kuma dawo masa. Ma'aikaci ko ɗan kwangila da motarsa ke yawo tsakanin gida da ofis, sai jefi-jefi ya leƙa gona, ya bar wa masu lodi mai dizal.

Wanda ya yanke shawarar sayen mai dizal da aka shigo da ita daga Turai, ya fara bincika ko tana da matatar hayaƙi a salansa, wadda ake kira DPF. Wannan matata tana bukatar dizal mai ƙarancin sinadarin sulfa da kuma doguwar tafiya domin ta ƙone tokar da ta tara, gajeriyar zirga-zirgar gari kuwa toshe ta take yi. Ko a Ostireliya, inda man yake da tsabta, kotun tarayya ta yanke hukunci a 2022 cewa matatar da aka sa wa Hilux da Prado da Fortuner da aka sayar tsakanin 2015 da 2020 tana da lahani. Mai saye ya kuma dage sai an tayar masa da injin da sassafe kafin ya ɗumama, ya tsaya ta baya ya kalli hayaƙin, domin farin hayaƙi mai daɗewa ko gargada a sautin injin alama ce da ke nuna nozul sun fara gajiya, ko da dillali ya wanke motar tana ƙyalli.