Rigar roba mai mariƙi: abin da na gani bayan wata tara a hannun yara

Kwamfutar hannun da muke da ita a gida Samsung Galaxy Tab A8 ce, mai faɗin inci 10.5, wadda na saya domin karatu da duba takardun aiki da daddare, amma ba ta yi wata guda ba ta koma hannun yara. Su uku ne: babbar mai shekara shida, mai bi mata mai shekara huɗu, sai ɗan auta wanda a lokacin bai cika biyu ba. Ranar da na tsakiyan ya ɗauko ta daga kan katifa zai kai wa mahaifiyarsu a tsakar gida, ta suɓuce masa ta faɗi da kusurwa a kan siminti, fuskarta ta tsage daga sama har ƙasa. Kuɗin da na biya aka canja fuskar ya kusan kai rabin kuɗin na'urar, kuma shi ne ya tura ni kasuwar waya ta Farm Centre a watan Satumba neman rigar da za ta jure hannun yara.

Wadda na zaɓa ruwan ɗorawa ce, mai kauri, an yi ta da robar EVA, irin robar nan mai laushi da ake yin silifas da ita. Tana da mariƙi a gefe ɗaya, wanda idan aka lanƙwasa shi baya sai ya zama abin jingina. Mai shagon ya ce mini, "Alhaji, wannan ko daga bene ta faɗo babu abin da zai same ta." Ban gwada maganarsa ba, ba kuma ni da niyyar gwadawa, amma daga kan gado, daga kan kujera, daga hannun yaro a tsaye, ta faɗi sau da yawa har na daina ƙirga, kuma fuskar tana nan lafiya. Dalilin a fili yake idan mutum ya dubi yadda aka ƙera rigar. Na'urar tana da nauyin gram 508, kuma idan ta faɗi da kusurwa duk wannan nauyi yana taruwa ne a wuri ɗaya ƙanƙani, shi ya sa gilashi ke fashewa daga nan. Rigar ta fi kauri a kusurwoyin huɗu, sannan bakinta ya ɗara fuskar tsayi, saboda haka ko a kife ta faɗi, robar ce ke taɓa ƙasa.

Mariƙin ya fi amfani fiye da yadda na zata. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya iya riƙe abu mai faɗi da santsi da hannu ɗaya, amma yana iya rataya wannan kamar jakar makaranta. Da safe babbar takan kafa ta a kan tabarma su saurari karatun Alƙur'ani kafin su tafi Islamiyya, babu mai riƙewa, babu kuma rigimar wa zai riƙe.

Matsalar farko ta zo ne daga bakin ɗan auta. Yana fitar da haƙori a lokacin, robar kuma tana da daɗin cizo, sai wata rana mahaifiyarsa ta zaro guntun roba ruwan ɗorawa daga bakinsa, girman ƙwayar wake. Wannan ya tsorata ni fiye da fashewar gilashi, domin yaro na iya shaƙewa da shi. Tun daga ranar ba a barin ta a hannunsa sai da babba a kusa, kuma duk mai ɗan da ke kai komai baki ya kamata ya san wannan kafin ya saya.

Ta biyu ita ce zafi, kuma ita ce ta fi damuna har yanzu. Robar da ke tare bugu ita ce kuma ke tare iska. Kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan na'urori suna ba da shawarar kada a yi amfani da su a zafin da ya wuce digiri 35, alhali a Kano cikin Afrilu zafi yakan haura 40. Wata rana da azahar na taɓa bayanta tana caji yara kuma suna kallo, na ji ta kamar an ɗauko ta daga rana. Batir irin na lithium yana saurin lalacewa da zafi, don haka na kafa doka: idan za a yi caji a cire rigar, a ɗora na'urar a saman wadirob inda hannu ba ya kaiwa. Dokar ta magance wani abin ma, domin rigar ba ta rufe bakin caji ba, kuma na tsakiyan ya saba fizgar wayar caja da ƙarfi idan yana son ɗauka. Sai dai yawan cirewa da mayarwa ya sa kusurwa ɗaya ta saki, ba ta kama na'urar kamar da.

Ƙurar hunturu ma ta nuna mini abin da ban yi tsammani ba. A watan Janairu da na cire rigar na tarar da yashi ya taru tsakaninta da bayan na'urar, ya goge fentin a wurare biyu. Ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri, saboda haka gilashin kariyar da na manna a fuska, wanda aka rubuta 9H a kwalinsa, bai tsira ba. Wannan lamba ma'aunin taurin fensir ce, ba ta nufin yashi ba zai karce shi ba. Na canja gilashin sau biyu, ɗaya saboda karce, ɗaya saboda an buga masa cokali, kuma duk lokacin da aka ɓare tsohon ina tarar da ainihin fuskar sumul. Ban ɗauki kuɗin nan asara ba.

Game da ruwa kuwa, rigar ba ta da wani taimako, har ma tana iya ƙara ɓarna. Wannan na'ura ba a yi ta don jure ruwa ba. Da kunu ya zube a kanta da watan azumi, ya gangara ne ya maƙale a cikin rigar, kusa da ramukan sifika. Allah ya taimaka ina gida, na kashe ta nan take, na cire rigar, na goge da ƙyalle, na bar ta kwana guda kafin in kunna.

Akwai ɓarnar da roba ba ta hanawa, wato goge hotuna da kiran mutane a WhatsApp ba da sani ba. Wannan na magance shi da Samsung Kids, wanda ke cikin na'urar tun asali: yaro ba ya fita daga cikinsa sai da lambar sirri, kuma ana iya ƙayyade masa lokacin kallo.

Zan sake sayen irinta idan wannan ta gama saki, amma zan nemi mai marfi a bakin caji, kuma zan tafi da na'urar shagon a gwada a gabana. Rigar Tab A7 mai inci 10.4 da ta A8 suna kama da juna a ido, sai an saka ake ganin ramin kyamara da na maɓallan ƙara ba su dace ba. Ta yanzu dai tana nan a kan tabarma, da shatin haƙora huɗu a mariƙinta.